Sunan da Ya Gagari Bakin Ladi

Tun ranar da Tsiro ya shigo gidanmu na Bobiel ban ƙara shan shayina da sukari uku cikin kwanciyar hankali ba. Tsiro wata manhaja ce ta lafiyar yara da kolejin su Tabita ya sa 'yan ajinsu suka zuba a salula. Ana ba kowane yaro ɗan ƙwayar zogale a fuskar wayar. In ya sha ruwa kofi takwas ya danna, in ya wanke hannu da sabulu ya danna, in ya goge haƙori, ya ci ganye, ya taka ƙafa, ya kwana cikin sange, wato gidan sauro, sai zogalen ya ƙara tsawo. In ya yi sakaci kwana biyu ganyen ya yi rawaya, ya langaɓe. Kwana sittin ake yi kafin ya yi fure.

Tabita ɗiyar yayana Istifanus ce, shekarunta goma sha uku. Ni ce gwaggonta Hamsatu, amma Tanti take ce mini kamar kowane yaron Yamai. Ina ɗinki a Zongo, ina kwana gidan yayana. Uwarta ta bar mata wata tsohuwar salula mai tsagaggen gilashi saboda aikin nan, kuma daga ranar muka samu jandarma a gida. Yarinyar da da sai an yi kokawa da ita kafin ta ci dambu, ita ce yanzu take leƙa kwanon kowa tana ƙirga ganye. Ubanta malamin makaranta ne guda, amma sai ya nuna mata tafin hannu gaba da baya kafin ya sa a tuwo. Ni kuwa ta ɓoye mini gwangwanin sukari sau huɗu, sau huɗun kuma na gano shi, don ɓarawon gida ya fi mai gadi sanin ƙofa.

Gaskiya dai abin ya karɓe ta. Ta yi haske, ta daina ciwon kan da take yi da rana, in ta fita zagayenta na marece har gudu take haɗawa. Zogalenta ya fi na kowa a ajin, har na ƙawarta Balkissa da suke gasa. Ina yi mata ba'a, amma a raina ina jin daɗi.

Ranar Talata, kwana na hamsin da bakwai, ta shigo ɗakina da gudu tana tsalle da ƙafa ɗaya.

"Tanti, saura abu ɗaya tak. Dubi."

Na duba. An rubuta Muryar Gida. Bayanin ya ce uwa ko uban da ya yi wa yaro rajista zai danna jan maɓalli na ɗaukar murya, ya kira sunan yaron, ya faɗa masa wata kalma ta yabo, sai zogale ya yi fure. Ranar Juma'a da safe za a yi biki a lakwal, wato makarantarsu. Duk wanda nasa ya yi fure za a ba shi dashen zogale na gaske da sunansa a jiki, kuma a saki muryar mahaifin nasa a lasifika kowa ya ji.

"To wa ya yi miki rajistar?" na ce.

Tsallen ya tsaya. Ta sauke ɗaya ƙafar a hankali.

"Mama."

Sai muka tsaya muna kallon juna, kuma ban san abin da ya sa ba dariya ta ƙwace mana gaba ɗaya.

Bari in gaya muku wace ce Ladi. Matar yayana ce, 'yar Dogon Dutsi kamar mu, ma'aikaciyar jinya a wani ɗan asibiti a unguwar Dar es Salam, nan cikin Yamai. Mace ce da ta yi boko, tana tuƙa moto, tana yi wa ƙatti allura ba ta ƙifta ido. Amma a kan kunyar ɗiyar fari, ko kakarmu da ta rasu ba ta kama ƙafarta ba. Shekara goma sha uku ban taɓa jin sunan Tabita a bakinta ba. "Ke" take cewa. In ba ta kusa, "waccan". In baƙi suna nan, "ɗiyar Mushe", don shi ma mijin ba ta kiran sunansa, Mushe take ce masa, wato malam da Faransanci, kamar yadda ɗalibansa suke kiransa. In ka ce mata Maman Tabita sai ta zama kurma nan take, amma ka ce Maman Gideyon, wato ƙanen Tabita, ka ji ta amsa tun daga bayan gida. Yabo kuwa, in Tabita ta zo ta ɗaya a aji, abin da Ladi za ta ce shi ne a je a ɗebo ruwa.

Muka same ta a tsakar gida tana tsinkar yakuwa. Ni na yi bayani, da yake ni ƙanwar miji ce, ina da bakin wasa da ita.

"Matarmu, ɗan aiki ne na minti guda. Ki kira sunanta, ki ce ta yi ƙoƙari, shi ke nan."

"Sunan wa?"

"Sunan wadda kika haifa."

"Na haifi biyu."

"Ta fari."

Ta ci gaba da tsinkar yakuwarta.

"Ku ba Mushe. Shi da yake da bakin jawabi."

Mun ba Mushe. Ya gyara wuyan riga, ya yi gyaran murya, ya zuba jawabi da Faransanci mai kyau har da maganar makomar matasa. Da ya gama Tsiro ya rubuto cewa wannan ba muryar da aka yi rajista da ita ba ce. Ashe ranar rajistar yana Dosso wajen gyaran takardun jarrabawa, Ladi ce ta karanta wa wayar ɗan layin amincewa, wayar kuma ta riƙe muryarta. Yayana ya ji haushin jawabinsa da ya tafi a banza fiye da komai.

A nan na ɗaura ɗamara. Na ce wa Tabita ta kwantar da hankalinta, in dai ina gidan nan zogalenta sai ya yi fure.

Dabara ta farko tawa ce, kuma ba na alfahari da ita. Na ce ai na san muryar Ladi kamar yunwar cikina. Muka kulle ɗakina. Na ɗaura kallabinta, na sa farar rigarta ta aiki don muryar ta zauna, na ɗaure fuska irin tata, na ce, "Tabita, kin yi ƙoƙari." Wayar ta ce ba ita ba ce. Na toshe hanci da yatsu biyu na sake. Ta ce ba ita ba ce. Tabita ta ce Mama daga maƙogwaro take magana, in sauke murya. Na sauke, abin da ya fito ya fi kama da kukan rago. Yarinyar ta faɗi kan katifa tana riƙe ciki, ni ma na bi ta, har Ladi ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce in mun gama haukar a mayar mata da rigarta.

Dabara ta biyu ta Tabita ce, kuma ta fi tawa. Kowace safiya kafin a watse muna zama a yi karatu da addu'a, yayana ne ke karantawa. A cikin Littafi Mai Tsarki akwai labarin matar kirki da aka ɗauko sunan Tabita daga gare ta. In Ladi ta karanta wurin, dole sunan ya fito, kuma wurin cike yake da yabo. Muka sa Istifanus a ciki. Da farko ya ce shi ba zai yi wasa da lokacin addu'a ba, daga baya ya ce amma dai tabaransa na iya ɓata.

Laraba da safe tabarau ya ɓata. Salula tana ƙarƙashin faifai kusa da gwiwar Ladi, an danna ja. Yayana ya miƙa mata Littafin a buɗe, yana kallon rufi.

Ladi ta fara karatu da muryarta mai sanyi. Tabita ta danne baki da gefen zane. Ta iso wurin. Ba ta ko yi tuntuɓe ba.

"Akwai wata baiwar Allah," in ji ta, "mai sunan ɗiyar Mushe."

Ta wuce abinta. Da sunan ya sake fitowa a ƙasa, ta sake cewa mai sunan ɗiyar Mushe, da natsuwa, kamar haka aka buga a takardar. Yayana ya yi ƙoƙarin mayar da dariyarsa tari, tarin ya sarƙe shi da gaske, sai da aka ba shi ruwa. Da aka ce amin Ladi ta ɗaga faifan, ta miƙa wa Tabita wayar ba tare da ta dube ta ba, ta ce wa mijinta tabaransa yana cikin aljihun rigarsa na hagu.

Wani zai haƙura a nan. Ni ban haƙura ba. A shago ina taka keke ina tunani, har na ɗinke wa wata mata hannun riga a rufe. Sai abin ya faɗo mini. Matar nan da ba ta iya kiran suna ɗaya a gida, a wurin aiki sunaye take kira daga safe har azahar. Takarda ake miƙa mata, ta leƙo ƙofa ta ƙwala. A can ba uwa ba ce, ma'aikaciya ce.

Alhamis da sassafe na hau taksi zuwa Dar es Salam da tsohuwar salular a jaka. A wurin yankar takarda na ce sunana Tabita Istifanus, ina jin jiri. Na sami benci kusa da ƙofarta, na ja mayafi na rufe rabin fuska, na sa yatsa a kan ja. Yabon dai na ce ma san yadda za mu yi da shi daga baya, a fara samun sunan.

Ta leƙo. "Ɗahiru Yakuba." Wani tsoho ya tashi. Can ta sake leƙowa. "Halimatu Dauda." Wata mai goyo ta shiga. Na uku ta fito da takarda a hannu, ta buɗe baki, ta rufe. Ta dubi takardar. Ta bi bencin da ido ɗaya bayan ɗaya har ta iso kan takalmana, waɗanda ita ce ta ba ni su da Kirsimeti.

"Mai atamfa ruwan goro," ta ce da ƙarfi, "wadda lafiyarta lau. Shigo."

Na shiga, ai ba yadda zan yi. Ta rufe ƙofa, ta ce tun da jiri nake ji sai an duba. Ta ɗaura mini abin awon tansiyon, wato hawan jini, ta matse har na ji hannuna ya mutu. Ta soke mini yatsa ta auna sukari. Sai na ga fuskarta ta canza, wasa ya fita.

"Gwaggon yara, sukarinki ya hau. Daga yau babu fari masa, babu lemun kwalba. Shayi kuma ƙwaya ɗaya."

Garin neman ƙiba na samo rama. Na fito da auduga a yatsa da takardar dokoki a jaka, har tsohon nan Ɗahiru yana yi mini sannu.

Da marece na ba Tabita labari ina kwaikwayon komai, da matsar hannun da sukar yatsan. Na sa ran za ta yi birgima kamar shekaranjiya. Ta yi dariya kaɗan, ta tsaya. Tana zaune a bakin tabarma tana juya wayar a hannu.

"Na Balkissa ya yi fure," in ji ta. "Ta sa mini vokal ɗin mamanta, na ji muryarta. Sau uku ta kira ta, har da guɗa."

"Balkissa ai 'yar auta ce. Auta ko akuya ta haife ta sai ta yi mata kirari."

"Na sani, Tanti."

Can ta ƙara da cewa, "Na samo dabara. Wannan za ta yi."

Ban tambaye ta ba, don na ɗauka wani wasan ne, kuma ina ta fama da shayi mai sukari ɗaya.

Ba a jima ba Ladi ta shigo da motonta, ta kafe shi, ta zauna a kujerar tsakar gida tana cire takalmi. Salularta ta yi ƙara. Ta duba. Na ga ta daɗe tana dubawa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

"Ke," ta ce. "Taho nan."

Tabita ta zo ta durƙusa. Ni ma na matso, don ba a yin abu a gidan nan ba ni. Na leƙa wayar ta kafaɗar Ladi. Saƙo ne daga Tsiro, yana cewa yaronki ya nemi a sauya sunansa daga Tabita zuwa Ɗiyar Mushe, a danna kore in an yarda.

"Mi ne ne wannan?" in ji Ladi.

"In anka sauya, sai ki faɗi wanda kika saba," Tabita ta ce, idonta a ƙasa. "Tsiro zai karɓa. Ba sai kin ji kunya ba."

"Shi za a rubuta jikin itacen?"

"Eh."

"Shi za a kira gaban mutane?"

"Ba komai, Mama. Ai ni na san ni ce."

Wallahi nan take dariyar kwana uku ta bar jikina. Tausayin yarinyar ya kama ni, kunya kuma ta rufe ni, don ni na mai da abin wasa, ita kuwa ashe ba wasa take ba.

Ladi ta ajiye takalmin. Muryarta ta yi ƙasa sosai.

"Wa ya ce ki taɓa sunan ga? Kin san wa ya zaɓe shi? Kina tsammani Mushe ne? Shi wani sunan ya kawo, na gwaggonshi, ni na ce a'a. Wata biyar ina ɗauke da ke ina juya shi a raina. Ranar suna ni na raɗa mishi a kunne ya je ya hwaɗa wa fasto. Yau ki tashi ki goge shi don itacen cikin salula?"

Tabita ta ɗago kai. Ba ta taɓa jin wannan ba, ni ma da nake gidan ban taɓa ji ba. Ladi ta danna ja, wato ba ta yarda ba, ta tashi da takalmi ɗaya ta shige kicin.

Na bi ta. Raina a ɓace yake, kuma in raina ya ɓaci ba na tauna magana.

"Kin hana ta sunan da kike iya faɗi, kin ƙi faɗin wanda kika zaɓa. To ya kike so ta yi? Gobe ne fa."

Ta ɗora tukunya, ta zuba ruwa.

"Ke ba ki haihu ba tukuna, Gwaggon yara. Abin da kake so ƙwarai ba ka yawo da shi a baki. Haka munka taras. Ni ma ɗiyar fari ce. Ladin ga da kuke ce mini sunan rana ne. Innarmu har ta koma ga Ubangiji ba ta kira sunana na yanka ba ko sau ɗaya, kuma ga ni, ban mutu ba."

"Ba ki mutu ba. Amma kin so ki ji?"

Ta ɗebi gishiri ta zuba a miya, ta juya, ta sake ɗiban gishiri ta zuba. Ranar haka muka sha miyar, ba wanda ya ce uffan, har Gideyon da ba ya raga wa mai girki.

Juma'a da safe gidan ya yi tsit. Tabita ta yi wanka, ta sa rigar lakwal, ta sha kofinta na farko ta danna, don ko ba fure ta ce ba za ta karya kwana sittin ɗinta ba. Ta ajiye wayar a kan taga ta je goge haƙori a bakin famfo. Ina shanya ina kallo ta gefen ido, sai na ga Ladi ta fito cikin farar rigarta, ta wuce ta gaban tagar, wayar kuma ta ɓace. Ta koma ɗakinta ta sa sakata.

Na yar da zanen da ke hannuna. Na zagaya bayan ɗakin a kan yatsun ƙafa, na laɓe ƙarƙashin tagarta, na kasa kunne. Kwana uku ina wahala, har jinina an ɗiba, ai ni ma ina da rabo a ciki. Sai tagar ta buɗe kaɗan, hannun Ladi ya fito riƙe da rediyon Mushe, ya ajiye shi daidai saman kaina, ya murɗe shi har ƙarshe, ya koma. Tagar ta rufe. Abin da na ji ke nan, wani mutum yana bayanin farashin albasa a kasuwannin ƙasa.

Ta jima kafin ta fito. Da ta fito ba ta dubi kowa ba. Ta dangwara wayar a hannun Tabita.

"Ke, ungo. Kar ki makara."

Ta hau moto ta fice, ta bar jakarta ta aiki rataye a ƙusa, sai da yayana ya bi ta da ita a guje har bakin titi.

Muka haɗa kai a kan wayar. Zogale ya yi fure, fari tas, har wasu 'yan ƙudan zuma na zane suna zagaya shi. A ƙasa akwai ɗan layin murya, an rubuta daƙiƙa arba'in da ɗaya. Na ce arba'in da ɗaya, matar da ba ta iya kalma ɗaya, me ta zauna tana faɗi haka.

"Danna mu ji," na ce.

Tabita ta zaro abin sauraro daga aljihu ta cusa a kunnuwanta biyu. Ta juya mini baya, ta fuskanci famfo. Ina ganin kafaɗunta kawai. Da farko sun yi tsai. Can suka motsa kamar ta yi 'yar dariya. Daga nan ta sa bayan hannu ta share fuska, ta sake sharewa, ta buɗe famfon ta wanke ido. Da ta juyo ban iya tambayarta komai ba. Na ce wa raina ba komai, ai a lakwal za a saka a lasifika, zan ji tare da kowa.

Na rufe shago ranar, na ci ado na bi ta. Filin kolej ya cika da iyaye, an jera dashen zogale cikin baƙaƙen leda, kowanne da ɗan allo mai suna. Madam shugabar makarantar, wata doguwa 'yar Maraɗi, tana riƙe da igiyar da ake haɗa salula da lasifika. Aka fara kira. Wani uba ya yi wa ɗansa kirari irin na 'yan kokawa, fili ya ɗauki tafi. Wata uwa ta yabi ɗanta da kyau, a ƙarshe ta manta ana naɗa ta ce wa wani a gefe ya kore mata awaki daga shanya. Maman Balkissa ta rangaɗa guɗarta, mata suka amsa mata daga benci. Ni duk ina ƙagare, na ma gaya wa matan da ke kusa da ni su gyara kunne, tamu na zuwa.

"Tabita Istifanus."

Ta tashi ta je gaba. Ta nuna wa Madam furen. Madam ta miƙo hannu da igiyar. Tabita ba ta ba da wayar ba. Ta riƙe ta da hannu biyu a ƙirji.

"Madam, tawa ba ta lasifika ba ce."

Wasu yara suka fara dariya, wani ya ce ƙila zagi ne a ciki. Na miƙe tsaye ina yi mata alama da hannu ta bayar. Ba ta dubi inda nake ba. Madam ta sunkuyo ta dubi fuskarta, ta dubi wayar, sannan ta tambaye ta a hankali, amma lasifikan da ke hannunta ya ɗauka.

"Ɗiyar fari ce ke?"

"Eh, Madam."

Madam ta naɗe igiyarta. Ta ɗauko dashen da kanta ta sa mata a hannu, ta ce a tafa mata. Tsofaffin matan da ke benci su suka fi kowa tafi, wata kusa da ni har tana gyaɗa kai tana cewa yarinyar ga ta san gida.

A hanyar komawa na yi duk abin da zan iya. Na ce ni na riƙa yi mata wanka tana jaririya, wanda ƙarya ne, ina aji biyar lokacin. Na ce zan ɗinka mata riga da surfani. Na ce to ko daƙiƙa biyar na farko, in dai ji yadda sunan ya fito. Na ce ko ta gaya mini da bakinta, sau nawa ta kira.

Ta tsaya a gefen titi, dashen a hannu ɗaya, ƙasa tana zubo mata a riga.

"Tanti, kar ki ji haushi. In na sa miki, ke ma ta faɗa miki ke nan. Ni ta faɗa wa."

Ta mayar da abin sauraron kunnenta ta yi gaba, ni ina bin ta a baya da takalman coci suna cin ƙafata. Ina ganin babban yatsanta a kan wayar. In ta yi 'yar tafiya sai ta danna, ta yi 'yar tafiya ta sake dannawa. Daga kwanar kolej zuwa ƙofar gidanmu na ƙirga sau goma sha ɗaya, kuma ban ƙara tambayarta ba.